Rabin Sandar Kibod

Kujeru biyu ne a shagon Kawu, mu kuma masu aiki mu uku. Ba sai an kira malamin lissafi ba kafin a gane akwai mai tsayuwa. Ni ce mai tsayuwar.

Shagon na bakin hanya ne, ba nisa da Babban Dodo. Muna buga wa mutane takardu a kwamfuta, muna fotokwafi, muna yi wa 'yan makaranta rajistar jarrabawa. Kawu yayan mahaifiyata ne. Da ya yi ritaya ya buɗe wurin, ya kafa benci a ƙofa, ya zauna da rediyo da carbi, bai ƙara taɓa wani aiki ba sai amsa gaisuwa. Kujera ɗaya ta ɗansa ce, wanda nake kira Yaya, mai difloma a harkar kwamfuta. Ɗayar ta Baba Sakatare ce. Ni kuwa da na gama sakandare Inna ta roƙa mini wuri, aka haɗa ni da injin fotokwafi, mai hura zafi kamar bakin tanda, ko kujerar tsugunno babu a gabansa. Kawu ya ce mini, "In kujera ta samu, taki ce." Na gane karatun. Yaya ba zai tashi daga shagon ubansa ba. Saura kujera ɗaya.

Baba Sakatare abokin Kawu ne tun suna makarantar allo. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati. Ba a taɓa naɗa shi sakataren kowa ba, amma haka yake so a kira shi, haka kuwa ake kiransa. Daga Tudun Jukun yake hawo keke napep kowace safiya, da farar shadda, da hula a karye, da ɗan matashin da yake ɗorawa a kan kujera. Ya iya aiki, wannan ba zan hana masa ba. In ya kafa takarda a gefensa ba ya kallon yatsunsa, ba ya kallon gilashin kwamfuta, idonsa na kan takardar har ƙarshen shafi. Da wannan yake tinƙaho. "Mai bugu yana leƙen gilashi ɗan koyo ne," in ji shi, kuma duk sanda zai faɗa sai ya juyo ya same ni da ido.

Ni ma na iya. In ya tafi sallar Azahar nakan faɗa kujerar in rage aikin da ya taru. In ya dawo sai ya zaro hankici ya goge madannan ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗe matashinsa, a gaban ko waye.

Bahaguwa aka haife ni. Kakata ta gyara ni da muciya, har na koyi cin tuwo da rubutu da dama, amma in ina sauri hagun kan riga ni fita. Wata rana shago cike da mutane na miƙa masa takarda da hagu. Ya ɗauki rula ya kaɗe ta ƙasa.

"A gidanku haka ake miƙa wa manya abu? Duƙa ki ɗauka, ki miƙo kamar 'yar Musulmi."

Na duƙa na ɗauka. Daga ranar sunana ya ɓace a shagon. "Bahaguwa, kawo sitefula." "Bahaguwa, rage fankar nan, takarduna na tashi." Har masu kawo aiki suka ɗauka, wata mata ma ta tambaye ni ko sunan yanka ne.

Kibod ɗin da muke aiki da su, wato allunan madannan kwamfuta, tsofaffi ne, na gwanjo, masu nauyi kamar dutsen guga. Kowane madanni da nasa ɗan sifirin a ƙasa mai dawo da shi sama, in ana bugu sai ka ce ƙanƙara ce ke sauka a kan kwano. Baba Sakatare yana son su saboda suna tuna masa da tafireta. Na roba da ake sayarwa a kasuwa kuwa, cewa yake danna su kamar danna sauran tuwon jiya ne, na yara ne da ragwaye. Ni ke wanke madannan ranar Asabar. In ɓalle su, in jiƙa a ruwan sabulu, in shanya, in mayar. Mai wanki shi ya san sirrin riga. Doguwar sandar nan ta ƙasa, wadda ake dannawa a raba kalma da kalma, mu sifes muke ce mata, inda babban yatsa ke sauka a kanta yakan yi santsi yana sheƙi. Ta Baba Sakatare ta lotsa a ɓangaren dama kamar bakin tsohon turmi.

Bayan wata damina ya yi kwanaki bai zo ba, aka ce zazzaɓi. Ya dawo ya ci gaba da aiki. Ba a jima ba na ga wani sabon sheƙi ya soma fitowa a hagun sandar, siriri, sai an karkata ta wajen haske ake ganinsa. Na sa masa ido. Babban yatsansa na dama a rataye yake, kamar aro ya yi. Kofin shayi da yatsu huɗu yake riƙe shi. Carbi da manuniya yake ja. In zai ɗaura agogo sai ya juya wa mutane baya. Sauran yatsun na aiki, amma wannan ɗaya ya mutu, kuma hagun da yake zagina a kansa shi ke raba masa kalmomi.

Ban faɗa wa kowa ba. Babu wanda ya tambaye ni.

A wannan tsakanin ne Yaya ya kamu da cutar gyaran kibod. A waya ya ga wasu mutane na ƙasashen waje suna haɗa nasu da hannu, shi ke nan ya hana mu sakat. Ya ce a duba wauta: manyan yatsu biyu, su suka fi kowane yatsa ƙarfi, an ba su aiki ɗaya tal, an shimfiɗa musu sanda mai cin wurin madannai barkatai, alhali madannin gogewa yana can saman lungu, sai ƙaramin yatsa ya yi tattaki kafin ya taɓo shi. Shi zai yanke sandar gida biyu. Rabi ya raba kalmomi, rabi ya goge kuskure. In abin ya yi kyau zai riƙa haɗa wa sauran shagunan bugu na cikin gari da na bakin makarantu. Kawu bai fahimci komai ba, amma ya ga ɗansa ya daina kwana a kan kallon ƙwallo, sai ya sa albarka.

Yaya ya fara da nasa. Shago ya cika da warin dalma da ƙarar zarto. Ya cire 'yan sifirin ɗin tsohon kibod ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ya dasa su a sabon allo, kafinta ya yi masa gida na katako. Ya fito ɗan ƙarami, mai kyau, ba laifi. Na gwada na ji daɗinsa. Sannan ya juyo kan na biyu, na Baba Sakatare.

Da rana ne, akwai mutum biyu suna jiran fotokwafi, Kawu na jingine a bakin ƙofa.

"Baba, da wane yatsa kake buga sifes?" in ji Yaya.

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Naka zan gyara. Ɓangaren da kake bugawa shi zan bar maka, ɗayan ya zama na gogewa. In hagu ne in sa maka a hagu, duk ɗaya ne a wurina."

Baba Sakatare ya ɗago. Bai kalli Yaya ba, ni ya kalla, ya kalli mutanen da ke tsaye, ya kalli Kawu.

"Hagu? Ga Bahaguwa can ka tambaye ta. Ni tun ubanka bai san zai yi aure ba nake bugu da dama. Duba sandar ka gani."

Yaya ya duba, ya ga lotsawar nan ta dama, ya gyaɗa kai. Bai karkata ta wajen haske ba.

"Ke fa?"

"Muciyar Kaka ta riga ta ba ka amsa," na ce.

Ranar Juma'a da aka rufe shago ya kwashi kibod ɗin Baba ya tafi da shi gida. Ranar Litinin ya dawo da sabo. Tsohon kuwa ya zama ƙwarangwal, an zare masa duk abin da ke ciki, babu mayarwa.

Aikin farko na wani malamin Islamiyya ne, tambayoyin jarrabawar ɗalibansa. Baba Sakatare ya ɗora matashi, ya zauna, ya shafa sabon kibod ɗin da yatsa kamar mai duba ƙura, ya taɓe baki. Ya kafa takarda. Ya fara.

Daga inda nake tsaye gilashinsa a fili yake. Duk sanda ya kai ƙarshen kalma, yatsan hagu ya sauka, sai harafin ƙarshe ya ɓace, kalma ta gaba ta zo ta manne. Layi ya cika, wani ya biyo, babu ko ƙofar da ƙuda zai bi. Shi kuwa idonsa na kan takarda, kafaɗa a miƙe, ƙarar na tashi daidai kamar kullum. Na ajiye abin da nake yi na harɗe hannu. Malamin Islamiyya ya leƙa, ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa. Kunya ta hana shi magana. Sai da Baba ya kai ƙarshen shafi, ya buga aya da ƙarfi yadda ya saba, sannan ya juyo ya ga igiyar da ya tufka.

"Kai, zo nan. Injinka ba shi da saiti," ya ce wa Yaya.

Da ya ce wani abu daban, wataƙila da an rufa masa asiri. Amma Yaya ya yi makonni yana ƙona yatsu da ƙarfen narka dalma, kuma ga baƙo yana ji. Ya zo ya tsaya a kansa, ya danna rabin dama, tazara ta fito. Ya danna na hagu, harafi ya tafi.

"Lafiyarsa ƙalau. Wannan aikin hagu ne, Baba."

"Ni kake gaya wa hagu?"

"In da shi kake bugu ka faɗa. Kafin ka shanye shayinka na juya maka su."

"Na ce maka da dama nake bugu."

"To, shi ke nan. Inji lafiya, kai ma lafiya."

Yaya ya koma kujerarsa. Ya gane, na san ya gane, don na ga yadda ya saci kallon hannun. Amma an zagi injinsa a gaban mutane, kuma shi ma ɗan gidan girman kai ne. Ya kafe a kan sai an faɗa da baki.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin tsayuwa kamar su ba. Baba ya gwada cusa mataccen yatsan, ya ƙi danna komai, sai dai ya kwanta a kan sandar kamar ɗanyen nama. Ya gwada sauko da manuniyar dama, sai hannun gaba ɗaya ya bar mazauninsa, haruffa suka rikice. Ya gwada miƙa yatsan hagu ya tsallako, bai kai ba. Ƙarar nan da ake ji tun daga bakin titi ta koma ɗingishi, ƙwas, shiru, ƙwas ƙwas, shiru. Shafin da yake gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa ya koma cin rabin safiya. Ya fara kallon gilashi bayan kowace kalma.

"Baba, leƙe ake yi?" na ce.

Masu kawo aiki suka fara cewa za su jira ya tafi masallaci.

Ya je wa Kawu a benci. Ina jin su ta taga.

"Alhaji, a sayo mini irin na kasuwar nan kawai. Wannan wasan yara ne."

"Na roba? Malam, kai da bakinka ka ce na ragwaye ne. Ina zan sa ka a layin ragwaye?"

"Aiki ne ke tsayawa."

"Yaron nan yana so masu shaguna su zo su ga ana aiki da abinsa. In suka ga kai kanka ka ƙi shi, wa zai saya? Yi haƙuri, hannu zai saba. Hannunka ai ba irin na kowa ba ne."

Da yamma, bayan ya tafi, na fita na sami Kawu. Ni ba na iya kwana-kwana.

"Kawu, yatsan mutumin nan ya mutu. Me ake jira?"

Ya rage muryar rediyo. Bai yi mamaki ba ko kaɗan.

"Kullum da safe sai mun gaisa da hannu. Kina tsammani ban ji ba?"

"To?"

"To me? Mutanen da ya kora mana da bakinsa sun fi waɗanda ya kawo. Amma allo ɗaya muka wanke da shi. Ba a korar irin wannan. Ya faɗa da bakinsa, ko ya tashi da ƙafarsa. Koma ki kashe injinki."

Na ɗauka ni ce marar tausayin gidan. Ashe koyo nake.

Ana nan wata rana aka kira Azahar, Yaya da Kawu suka wuce masallaci. Baba Sakatare bai tashi ba. Ya zauna yana juya hularsa a gwiwa har shagon ya zama daga ni sai shi.

"'Yata."

Na waiga in ga ko wata ce ta shigo.

"Da ke nake. Zo mana."

Na matso, ban zauna ba, don babu inda zan zauna.

"Yaron nan ya ce abin yana juyuwa."

"Ya faɗa."

"Ki ce masa ke kike so a juya. Ke ma ai kina aiki a nan in na fita. Ki ce hagu ya fi miki sauƙi. Ke an san ki da shi, ba abin kunya ba ne a wurinki."

Na kalle shi sosai. Bai aske gemu ba ranar, kuma wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ɓoye hannun daman a ƙarƙashin hula.

"Ba abin kunya ba ne?"

"A wurinki, nake nufi. Yarinya ce ke."

"Baba, ai kun gyara ni, kai da Kaka. Da dama nake bugu yanzu, kamar 'yar Musulmi. In na ce hagu na yi ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce, taimako ne."

"Yaya zai dawo yanzu. Kalma ɗaya ce. Ka faɗa masa, ko a kunne ne."

"Ya je ya faɗa wa ubansa, ubansa ya faɗa a majalisa."

"To ka ga ni ma bakina ɗaya ne."

Ya daɗe yana kallona. Na ga ya buɗe baki zai kira ni da sunan da ya saba, sai ya haɗiye. Ya sa hula da hannu ɗaya, ta karkace, ya fita zuwa masallaci. Na zauna a kujerar na gama aikin mutum uku kafin a sallame.

Ƙarshen abin ya zo ne ranar da wasu dattawa daga Limancin Kona suka kawo takardar cinikin gida. Mai sayarwa, mai saye, da shaidu, duk sa'o'in Baba ne, wasu ma tare suke zaman majalisa bayan La'asar. Shi suka zo nema, don shi ya saba tsara musu irin wannan. Kawu ya sa aka shigo da bencinsa, suka jeru a bayan kujerar, shagon ya cika da ƙanshin turare da manyan riguna.

Baba ya fara a hankali, kalma ɗaya, leƙe, kalma ɗaya, leƙe. Gumi na bin bayan kunnensa. Wani mai jan rawani, wanda ba ya iya rufe baki, ya dafa kafaɗar na kusa da shi.

"Kai ba ka san Sakatare ba. Wannan gaisawa yake da injin tukuna. In ya saki hannu ko kallon gilashin ba ya yi."

"Haka ake faɗa."

"Ba faɗa ba ne, na gani da idona. Sakatare, nuna masa. Yana ganin kamar zuƙi nake."

"Alhaji, takardar gida ce, a bi a hankali," in ji Baba.

"A hankali kuma? Ko tsufa ya zo ne?"

Suka yi dariya irin ta abokai. Kawu na tsaye a ƙofa yana jan carbi. Yaya ya daina abin da yake yi.

Girman kai rawanin tsiya. Na ga lokacin da ya yanke shawara. Ya gyara zama, ya ɗauke ido daga gilashi ya kafa a kan takarda. Layin farko ya yi ta fama, manuniya na saukowa tana komawa. Daga nan saurin ya ɗebe shi. Ƙanƙara ta dawo kan kwano, dattawa suka fara gyaɗa kai, mai jan rawani na cewa ka gani, ka gani. Hannu kuwa abin da ya saba shi yake komawa. Yatsan hagu ya karɓi aikinsa.

Mai sayen gidan, wanda ya yi boko, shi ya fara matsowa.

"Malam Sakatare, tsaya. Wannan da wane yare ne?"

Suka taso gaba ɗaya suka rufe gilashin da kawuna. Sunan mai gida ya haɗe da na unguwa, iyakar gabas ta shige cikin ta yamma, duk an cinye musu wutsiya. Wani ya gwada karantawa da ƙarfi, numfashinsa ya ƙare bai kai inda zai tsaya ba. Dariya ta ɓarke, ta gaske wannan karon, har mai sayarwa na share hawaye da bakin riga.

"Ka sayar da gidan da maƙwabta a dunƙule."

"Wannan ko alƙali sai ya nemi tafinta."

Mai jan rawani, da yake shi ya jawo, ya so ya gyara sai ya ƙara ɓatawa. "Injin ne. Ba dai Sakatare ba."

"Injin lafiya lau yake, Alhaji," in ji Yaya. "Ke, zo ki nuna musu."

Baba bai tashi da wuri ba. Sai da Kawu ya ce, a hankali, "Malam, ɗan ba ta wuri, mutane na jira," sannan ya miƙe. Bai ɗauki matashinsa ba, ni ma ban cire shi ba. Na goge igiyar gaba ɗaya na sake daga farko. Ban kalli gilashi ba ko sau ɗaya, da gangan. Wurin tsayuwa ɗaya ne ya rage a shagon, gaban injin fotokwafi, nan ya tsaya zafi na hura masa a ciki.

Da firinta ta turo takardar, mai saye ya karanta ya ce babu gyara. Kowa a shagon na jiran wani ya yi bayani. Kalma ɗaya ce har yanzu. Da ya ɗaga hannun ya nuna musu, tsofaffi ne, kowannensu da inda yake masa ciwo, da sun yi masa addu'a, Yaya ya juya madannan, gobe ya dawo kujerarsa. Na riƙe numfashi, don na san haka.

"Idona ne," in ji shi. "Kwana biyun nan hazo-hazo nake gani."

Ka ga yadda suka karɓe ta hannu bibbiyu. Salati, Allah ya sawwaƙe, ai dole, shekara da shekaru ana kallon farar takarda. Wannan ya ce tozali, wancan ya ce zuma farar saƙa, wani ya ce akwai likitan da ya yi wa yayansa aiki. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa mutumin da ba ya kallon gilashi ba ido ne zai manne masa kalmomi ba. Kawu ya shigo ya kama shi da hannu biyu.

"Haba Malam, ai da ka faɗa tuntuni. Ido ba abin wasa ba ne. Mu muna nan muna wahalar da kai. Daga yau ka huta, yarinyar nan ta riƙe maka."

Shi da kansa ya tare masa keke napep, ya riƙe masa gwiwar hannu ya shigar da shi, ya ce wa direban ya bi a hankali, ba ya gani sosai.

Garinmu in ya tausaya maka ba ya sakinka. Kafin mako ya zagayo labari ya kai ko'ina. A masallaci ana rige-rigen nemo masa takalmi. A majalisa in ya ɗauki jarida sai a zare ta daga hannunsa, a ce kada ya ƙarasa abin da ya rage, wani ya karanta masa da in'ina, shi da ya fi su duka iya karatu. Matarsa ta hana shi fita shi kaɗai in rana ta yi sanyi. Wani ɗan'uwansa ya kawo masa sanda daga Umra, dole ya riƙe, da hagu. Bai isa ya ce yana gani ba, don in ya ce yana gani sai a tambaye shi to mene ne.

Ni kuwa na zauna. Bayana ya daina ciwo, ƙafafuna suka daina kumbura. Kibod ɗin Yaya yana da daɗin aiki, gaskiyarsa ce, ko da yake masu shagunan da yake jira ba su yi tururuwar da ya zata ba.

Baba yakan zo wani lokaci ya zauna a benci wurin Kawu. Rannan hadari ya taso, aka shigo da shi ciki, aka zaunar da shi dab da ni. Na ɗaga murya yadda ake yi wa wanda ba ya gani.

"Baba, ni ce. Ka gane muryar?"

"Na gane," ya ce, yana kallon tsakiyar idona.

Na ci gaba da aikina, takardar neman aiki ce ta wani saurayi da ke tsaye yana jira. Can na ji shirun Baba ya canza. Na saci kallo. Idonsa ya tsaya cak a wani wuri a saman gilashin, leɓensa na motsi. Na bi inda yake kallo, na ga na tsallake kalma guda a layin. Ya gyara murya. Ya kalli Kawu, ya kalli saurayin, ya sake kallon wurin. Ya damƙe sandarsa.

Na ɗan juya gilashin ya fuskance shi sosai, na ci gaba da bugu a ƙasa. Ban gyara ba sai da ruwa ya ɗauke aka kama hannunsa aka fitar da shi.